Duniya Ɗaya, Ƙa'ida Huɗu: Shekarar da Wata Majalisa a Bauchi Ta Yi Tana Neman Tsarin da Zai Ɗauki Zakhara

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Bauchi, mazaunin wajejen Yelwa. Duk Asabar shi da mutum biyar suke haɗuwa a zauren gidansu: ƙanwarsa mai karatun jinya, ɗaliban jami'a biyu, wani mai gyaran waya da ke da teburi a kasuwar Wunti, sai wani tela da ya girme su duka. Zamansu daga idar da La'asar ne zuwa kiran Magariba, awa biyu ko ƙasa da haka.

Wasan da suke yi na labari ne a kan tebur. Mutum ɗaya, jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa yana da jarumi guda a rubuce a takarda, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Inda abu zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da irinsa na farko a kasuwa a Amurka a 1974, da sunan Dungeons & Dragons.

Abu biyu ake haɗawa a yi wasan: duniyar da labarin ke gudana a cikinta, da ƙa'idar da ke yanke hukunci. Raba su ba sabon abu ba ne. Duniyar Glorantha ta Greg Stafford ta fito da ƙa'idar RuneQuest a 1978, ta sake fitowa da Hero Wars a 2000, sannan da 13th Age a 2018.

Duniyar da malamin ya zaɓa ita ce Al-Qadim, wadda kamfanin TSR ya fitar a 1992, Jeff Grubb ne jagoran rubuta ta. Sunan ƙasar Zakhara, babban birninta Huzuz, kuma an gina ta ne a kan hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya: halifa da wazirai, makiyayan sahara da mutanen birni, aljanu, 'yan fashin teku, bayin sarki masu ɗamarar yaƙi, har da wanzami mai yawan surutu. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Abin da ya fi jan hankalinsa guda uku ne. Akwai alƙawarin gishiri: wanda ya ci gishirin wani ya zama baƙonsa na kwana uku, babu cutarwa tsakaninsu. Akwai daraja, wadda littafin ya ba ta lamba, don almajiri da waziri ba su tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma sha'iri, matsafin da ba ya haddace tsafi, sai dai ya aiki ɗan ƙaramin aljaninsa ya nemo masa, shi kuwa ya zauna jira.

Tun kafin a fara an yanke abu biyu. An cire gumakan da littafin ya lissafa da masu yi musu hidima, don babu wanda ke son jaruminsa ya yi wa gunki sujada ko da wasa. Telan kuma ya ce hannunsa ba zai taɓa ɗan lido ba, saboda hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan wasan nardi. Ba a taɓa sa kuɗi a wasan ba, amma ya tsaya a kan bakansa, sai aka shirya wani ya riƙa jefa masa.

Alƙaluman da ke ƙasa daga littafin rubutun malamin suke, don shi mutum ne da ba ya tashi daga zama bai rubuta lokacin farawa da na gamawa ba.

Oktoba 2023: ƙa'idar asali, zama biyu

An rubuta Al-Qadim ne don bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, na 1989, don haka da shi aka fara. A wannan tsari kowane jarumi yana da lamba mai suna THAC0, ashirin ce ga sabon shiga. Sulken abokin gaba kuma gwargwadon ƙanƙantar lambarsa gwargwadon ƙarfinsa, daga 10 zuwa ƙasa da sifili. Sai a cire lambar sulke daga THAC0 a sami abin da ake bukata: mai 20 da ya kai wa mai sulke 5 sara yana neman 15 ko fiye a ɗan lido mai fuska ashirin. Idan sulken ya kai ƙasa da sifili, cirewa ta koma tarawa. Malamin lissafi bai ga matsala ba. Telan ya ce ya bar makaranta ne don ya huta da wannan.

Ga jadawali barkatai, duk da Turanci, duk a wayar mutum ɗaya. Tsara jarumai ya cinye zaman farko gaba ɗaya. A zama na biyu sha'irin, wanda makin ransa uku ne kacal, ya mutu da sara guda kafin aljaninsa ya dawo daga aike. Aka yi dariya, aka tashi, aka ce a nemi wani tsarin.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: bugu na biyar, zama goma sha ɗaya

Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, shi ne aka fi yin wasa da shi a duniya a lokacin, kuma tushen ƙa'idarsa kyauta ne a intanet. Lissafinsa a miƙe yake: jefa mai fuska ashirin, ƙara lambarka, ka kai abin da aka nema ko ka gaza. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, bai fitar da cikakken littafin Zakhara na wannan bugu ba, don haka malamin ya zauna ya juya komai da hannunsa. Ya ce ya ɗauki darare tara yana mayar da lambobin sulke da na rai daga tsohon tsari zuwa sabo. Mai fuska ashirin kuwa bai samu a kasuwa ba, sai manhajar waya aka sauke.

Zama huɗu na farko sun yi armashi. Daga nan abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya lura da wuri.

Sahara ce ta fara mutuwa. Ƙa'idar ta ce mutum yana bukatar galan ɗaya na ruwa a rana, biyu idan ana zafi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ɗauki bokan daji, wanda tun a matakin farko yake da tsafin da ke samar da galan goma, kusan lita 38, jarka ɗaya da rabi ke nan. Mutum biyar, galan biyu-biyu. Tafiyar kwana goma sha biyu da malamin ya shirya da rijiyoyi ƙafaffu da cinikin ruwa da makiyaya ta zama magana ɗaya kowace safiya: "Na yi ruwa." Raunin da aka ji kuma barcin awa takwas yana goge shi tas. Ya gwada zaɓin da littafin jagora ya bayar, inda cikakken hutu ke zama kwana bakwai. Wannan ya dawo da tsoron rauni, amma ya sa tafiya ta tsaya cik, kowa na neman a kwana mako a zango.

Sha'iri ya biyo baya. Mafi kusa da shi a sabon tsari shi ne matsafi mai ƙawance da aljani, wanda ya zo a wani ƙarin littafi na 2020. Sunan ya dace, amma aikin ya bambanta: wannan yana harba tsafinsa duk zagaye ba iyaka, babu aike, babu jira. Aljanin ya koma ado.

Daraja ma haka. Jarumi sabon shiga mai iya baki yana ƙara 5 a jifarsa. Ko da an ce shawo kan waziri yana bukatar 20, yana da fuska shida cikin ashirin, kashi 30 cikin ɗari, ko da a tsumma ya shigo fada. Sau biyu aka yi hakan ya ci.

Sai zama na tara. Jaruman sun sauka a zangon wani shugaban 'yan fashi, ya karɓe su, aka kawo gurasa da gishiri, suka ci. Da dare ɗalibi na biyu, mai bawan sarki, ya ce zai shiga tanti ya gama da shi. Aka yi faɗa na minti 85, aka kashe mutumin. Littafin ya ce shugaban 'yan fashi maki 450 ne, malamin ya raba, kowa 90. Telan ya ajiye biro ya ce, "Malam, tsaya. Yaron nan ya ci gishirin mutum, ya bi dare ya yanka shi, kuma lada ka ba shi?" Ɗalibin ya ce, "Baba, ai haka dokar take, duba ka gani." Ƙanwar ta ce, "Yaya, to gishirin na mene ne?" Malamin ya buɗe baki zai amsa, aka kira Magariba.

A cikin zama goma sha ɗaya, takwas an yi faɗa a cikinsu, kuma mafi gajarta ya ci minti 50. Wayar da ake jefa ɗan lido da ita ita ce wadda saƙonni ke shigowa, kuma ranar da aka kwana biyu babu wuta sai da aka ari ta maƙwabci.

Maris zuwa Afrilu 2024: hutun azumi

Da watan Ramadan ya kama aka dakatar da zama. Malamin ya daina juya lambobi. Ya ɗauki shafi guda ya raba shi biyu, a dama ya rubuta abin da Zakhara ke girmamawa da abin da take hukuntawa, a hagu ya rubuta abin da ƙa'idar da suke bi take ba wa maki. A dama akwai riƙon amana, karamci, sanin matsayi, tsoron ƙishirwa, haƙurin jiran aljani. A hagu kusan abu ɗaya ne: kayar da abokin gaba. Ya ce a ranar ya gane darare taran nan ya yi su ne yana auna sulke, alhali babu wanda ya zo zauren don sulke.

Afrilu zuwa Mayu 2024: Fate, zama biyar

Bayan Sallah aka koma da Fate, na kamfanin Evil Hat, bugun 2013. Nan jarumi ba tarin lambobi ba ne, jimloli ne gajeru da ke faɗin ko shi wane ne. Malamin ya ce musu kowa ya yi wa jaruminsa kirari, nan take aka fahimta. Wanzamin tela ya zama "Aska mai jin sirrin fada". Mai gani-har-hanji ta ƙanwar ta zama "Idon da ƙarya ba ta gifta shi". Kowa ya fara da ƙwallon dabino uku. Ka ba da ɗaya ka ambaci kirarinka, a ƙara maka 2 ko ka sake jifa. Jagora kuma yana iya miƙo maka ƙwallo ya ce kirarin nan naka zai jawo maka wahala yanzu, ka karɓa ko ka biya ka ƙi.

Gishiri ya dawo da ƙarfinsa. Da zarar an ci, sai a rubuta a 'yar takarda "Mun ci gishirin wane" a ajiye tsakiyar tabarma, kowa na kallonta. Ɗan lido huɗu na gida sun isa: 1 da 2 ragi, 3 da 4 babu komai, 5 da 6 ƙari.

Amma wasu matsalolin suka taso. Jifar Fate tana taruwa a tsakiya: cikin hanyoyi 81 da za ta iya faɗuwa, 51 suna tsakanin ragi ɗaya da ƙari ɗaya. Ƙwararre ba ya cika faɗuwa, kuma mai dabino a hannu yana iya sayen nasara. Zuciya ta daina bugawa lokacin jifa. Tsafi kuma ba shi da jeri, don haka duk abin da sha'irin ya nema sai an yi ciniki, wani lokaci minti goma ana ja. Masu baki biyu suka mamaye zama. Mai gyaran waya, wanda ba ya son dogon zance, ya riƙa tara dabinonsa har a tashi bai kashe ko ɗaya ba. Da aka tambaye shi ya ce, "Ni fa na zo ne in ga abin da zai same ni, ba in zauna ina tsara wa kaina masifa ba." Bai zo zama na huɗu da na biyar ba.

Yuni zuwa Satumba 2024: ɗan lido biyu, zama goma sha biyu

Tsari na huɗu an ɗauko ƙashin bayansa ne daga Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker, na 2010. Ɗan lido biyu, a haɗa, a ƙara lambar jarumi. Goma ko fiye, ka samu. Bakwai zuwa tara, ka samu amma da tsada. Shida zuwa ƙasa, jagora ya faɗi abin da ya lalace. Jagora ba ya jifa ko kaɗan. Mai ƙarin 1 yana da hanyoyi 10 cikin 36 na cin nasara tsaf, 16 na nasara mai tsada, 10 na faɗuwa. Wato abin da ya fi fitowa shi ne "ka samu, amma", kuma a nan labari yake.

Wannan karon malamin bai juya ko dodo ɗaya ba. Ya koma shafinsa na azumi ya rubuta doka huɗu da Hausa, duka a takarda ɗaya gaba da baya.

Ta aiken aljani ita ce ya fi wahala a kanta. Sha'iri ya faɗi abin da yake so, aljani ya tafi, sai wasu 'yan wasa uku sun yi nasu kafin a jefa. Goma ko fiye, ya dawo da abin. Bakwai zuwa tara, sha'irin ya zaɓi ɗaya: ya makara, ko ya zo da mai kama da shi, ko ya zo da shi tare da bashin wani babban aljani. A zama na uku an aike shi ya nemo iska da za ta kore mahara, aka samu takwas, sha'irin ya zaɓi bashi. Wannan bashin shi ya ja labarin har zama na goma.

Daraja ta zama lamba daga ragi 1 zuwa ƙari 3, ita ake ƙarawa a duk maganar fada ko kasuwa, ba iya baki ba. Karamci da cika alƙawari suna ɗaga ta. Ruwa ya zama ƙwallon dabino shida a faranti na ayari duka, kowace kwana uku a sahara a jefa, nasara mai tsada ta ɗauke ɗaya, faɗuwa ta ɗauke biyu. Gishiri kuwa ba a jefa masa komai: wanda ya cuci mai masaukinsa cikin kwana uku darajarsa ta sauka da 2, kuma labarin ya riga shi isa kowane gari. Daga Fate aka riƙe kirari ɗaya-ɗaya, a ambace shi sau ɗaya a zama a ƙara 1. Faɗa duka jifa biyu ko uku ne.

Matsalar telan ma ta warware a nan. Mai gyaran waya, wanda ya dawo, ya tara murfin lemo goma sha biyu, ya rubuta 1 zuwa 6 a cikin shida, ya maimaita a sauran, aka zuba a hula biyu. A zaro ɗaya nan, ɗaya can. Lissafin daidai yake da na ɗan lido biyu. Telan ya ce wannan ƙuri'a ce, hankalinsa ya kwanta da ita, daga ranar shi ke zaro wa kansa. Ba fatawa aka nema ba, ba kuma ita ake bayarwa a nan ba.

A zama na bakwai malamin ya sake ɗana tarkon zama na tara na bugu na biyar da gangan: mai masauki mugu, gurasa da gishiri a faifai. Ɗalibin nan mai bawan sarki ya dubi lambar darajarsa, 2 ce, da ita yake sa ran shiga gaban waziri. Ya ce, "Malam, jarumina ya ce yana azumin nafila." Zauren ya fashe da dariya. Sai dai ƙin cin gishirin ma magana ce, mai masaukin ya gane, aka kwana kowa hannunsa a kan takobi.

Gyara ɗaya aka yi a tsakiya. Da lambobin wasu suka kai ƙari 3, faɗuwa ta koma hanyoyi 3 kacal cikin 36, wasa ya fara laushi. Aka tsayar da iyaka a ƙari 2, banda daraja. Faɗa mafi tsawo a wannan zango minti 20 ne. An rufe labarin a Asabar ta ƙarshe ta Satumba, saura kwata a kira salla.

Hukunci

Tsarin asali ya fi kowanne riƙe Zakhara, tunda don shi aka rubuta ta, amma nauyinsa ya fi ƙarfin zauren da littafi ke wayar mutum ɗaya. Wata majalisar mai littattafai a hannu da yini guda za ta iya jin daɗinsa.

Bugu na biyar ba lalatacce ba ne, kuma a ganina malamin ya ɗora masa laifin da rabinsa nasa ne. Littafin jagora na wannan bugu yana da zaɓin ƙara lambar mutunci, yana kuma ba da damar ƙara mataki bisa ci gaban labari maimakon kisa. Da ya ɗauki waɗannan, ya hana tsafin ruwa tun ranar farko, da abin da ya faru a zama na tara bai faru haka ba. Abin da ba zai gyaru ba shi ne lokaci: faɗan minti 50 zuwa 85 ba ya shiga tsakanin La'asar da Magariba ya bar wa fada da kasuwa wuri.

Fate ya kama mutunci da amana fiye da kowa, ya kuma bar musu kirari. Ya faɗi ne saboda yana son kowane ɗan wasa ya zama marubuci, alhali biyu cikin biyar ba abin da ya kawo su ke nan ba.

Na huɗun ya yi aiki saboda an fara da tambayar abin da duniyar ke hukuntawa, aka ba kowanne farashin da ɗan wasa ke gani da idonsa: dabino a faranti, lamba a takarda, jiran 'yan wasa uku. An rubuta shi da harshen da ake wasan da shi, da kayan da ke cikin gida. Yana da nasa hasara. Ɗalibin da ya ɗauki bokan daji, wanda ke son dabarun faɗa da auna taku, ya ce an mayar da yaƙi tatsuniya, kuma zama bakwai kawai ya halarta cikin goma sha biyu. Nauyi ya ƙaru a kan jagora, don duk jifar bakwai zuwa tara sai ya ƙirƙiro tsada nan take, kuma ya amsa cewa wasu ranakun yakan maimaita kansa. Dokokin huɗu ma na sahara da birni ne kawai. Labari na gaba a tsibiran 'yan fashin teku za a yi shi, ya rubuta dokar jirgin ruwa sau uku yana yagewa, ta huɗun tana aljihun rigarsa.